Gwangwani na Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina tantance wasiƙu
a babban gidan wayar Akra.
Ranar sallama suka ba ni agogon bango,
sai dai yatsuna ba su ji sanarwar ba.

Shi ne na fara ɓoye gwangwanaye.
Na alewa, na man zafi,
har da na asarar kakata (ta shaƙa nake nufi, ba ta rashi ba).
A cikin kowanne ɗan littafi, guntun fensir,
da hatimin da na sassaƙa daga tsohon silifa.
Wanda ya bi kwatance ya tarar,
ya buga, ya rubuta abin da ke ransa, ya mayar.
Ɗaya a ramin katanga a Tudu,
ɗaya tsakanin saiwoyin darbejiya a Sabon Zango,
na bakwai can gindin hasumiyar bakin ruwa,
inda masunta ke ɗinkin koma.

Na manta garin nan gishiri yake numfasawa.
Teku ba ta shiga gidan kowa,
aike take yi.

Wata huɗu ban leƙa ba, gwiwa ta hana.
Da na je, murfi ya kama bakinsa gam
kamar mai azumin magana.
Sai da sukudireba.
Tsatsa ta zubo ja a tafina,
ta ci fensir, ta sha rabin shafi,
abin da ta rage mini layi guda:
"Ni ce Memuna. Baba mai gwangwani, gobe za mu..."

Za ku me, 'yar nan?
Za ku tashi? Za ku rubuta jarrabawa? Za ku kai wani asibiti?
Ni da ban taɓa ɓatar da wasiƙar gwamnati ba.

Na hau tirotiro zuwa Nima,
wurin Fuseini mai ƙera akwatin kwano.
Ya juya abin, ya ƙwanƙwasa da farce, ya yi tsaki.
Ya ce, "Tsoho, ka aje ƙarfe tsirara gaban teku?
Goge shi da sanfefa har ya nuna fari.
Lemon tsami da toka ga lungun da hannu bai kai ba.
Ka ɗauraye, ka shanya wuni cur,
don ƙarfe ba ya yafe ɗigo ɗaya.
Fenti kuwa siriri, sau biyu, kada ka yi masa lafta.
Kakin zuma da man kaɗanya a leɓen murfi,
zaren tsohon tif ya zama ɗamara.
Ƙulla gawayi a ƙyalle ka jefa ciki,
shi zai sha raɓar da ta sato hanya.
Ban da ƙulle shi a leda, leda gumi take.
Kuma ɗora shi kan tsakuwa, ba kan ƙasa ba."

Na miƙa sidi biyar, ya ture hannuna.
"Saya wa gwiwarka man ita ma."

Kwana uku tsakar gidana na warin fenti,
gwangwanaye bakwai a jere kan tabarma
kamar jarirai ranar awo.
Maƙwabciyata ta ce tsufa ya zo da wasa.
Ban musa ba.

Ruwan Yuni ya zo ya yi abin da ya saba,
Odo ta cika ta tumbatsa.
Da ya ɗauke na gangara hasumiya.
Murfi ya buɗe da yatsa biyu.
Ciki a bushe. Sunaye uku sababbi,
wani Kwaku har ya zana kifi.

Babu Memuna.

Jan shafin nan ban yage shi ba.
A ƙarƙashinsa na rubuta da sabon fensir:
"Gwangwanin ya warke.
In kin biyo, ƙarasa zancenki."